Abin da guguwar tsibirin Smith ta koya mini

A lokacin zafi na shekarar 2022, malamin da ke duba bincikena a wata jami'a ta jihar Maryland a Amurka ya tura ni tsibirin Smith, wanda ke tsakiyar mashigin tekun Chesapeake, domin in auna yadda ruwa ke cinye gaɓa. Aikin ba shi da wuyar fahimta: a kafa turaku a bakin fadama, a riƙa komawa ana auna tazarar da ta rage tsakaninsu da ruwa, a rubuta a littafi. Babu gada zuwa tsibirin, sai dai mutum ya shiga jirgin ruwa daga garin Crisfield, tafiyar kusan kilomita 19 wadda ke cin kamar minti arba'in da biyar. Ƙauyuka uku ne a can, wato Ewell da Rhodes Point da Tylerton, kuma gaba ɗaya mazaunansu ba su wuce mutum ɗari biyu da 'yan kai ba, yawancinsu da kamun ƙaguwa suka dogara. Na sauka a gidan wata dattijuwa da ke ba da hayar ɗaki, wadda tun ranar farko na fara kiranta Mama, ita kuma ba ta hana ni ba.

Ranar Alhamis, 4 ga Agusta, bayan ƙarfe bakwai na yamma, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, ina zaune a barandar gidan ina kwafe alƙaluman da na samo, sai na hangi wani abu kamar igiya mai kauri ya sauko daga hadari ya taɓa fuskar teku, ruwa yana tashi fari fat a gindinsa. Ni a sanina, guguwa ita ce wadda muka saba gani da bazara tana kwasar ƙura da leda a filin ƙwallo, yara suna binta da gudu manya suna tsawata musu wai akwai aljanu a cikinta. Saboda haka abin da na yi shi ne abin da bai kamata ɗalibin kimiyyar muhalli ya yi ba: na zaro waya, na sauka daga baranda, na fara ɗaukar bidiyo. Mama ce ta fito ta damƙi hannun rigata, ta ce, "Ɗana, ajiye wannan abin ka biyo ni." Ta kai ni banɗakin da ke tsakiyar gidan, wanda ba shi da taga, muka durƙusa a ƙasa, ta miƙo mini matashin kai ta ce in rufe keyata da shi. A aji an koya mana cewa mafaka mafi kyau ita ce ɗakin ƙarƙashin ƙasa, amma a tsibirin da yawancin ƙasarsa ba ta fi mita ɗaya da tsayi bisa teku ba, duk wanda ya haƙa rami ruwa zai tarar. Ban taɓa haɗa waɗannan bayanai biyu a kaina ba sai a wannan lokacin, alhali dukansu suna cikin littafina.

Ƙarar ba ta daɗe ba. Da muka fito, gidanmu yana tsaye, amma guguwar ta riga ta hau tudu ta wajen Rhodes Point ta ratso zuwa Ewell, ta yaye rufi, ta karya turakun lantarki, ta lalata gidaje fiye da goma. Wata tsohuwa ta ji rauni da gidanta ya rushe, amma Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Abin da na gani a sa'ar da ta biyo baya shi ne darasin da ya fi zama mini a rai. Tsibirin ba shi da ofishin 'yan sanda, ba shi da magajin gari, kuma duk taimakon da zai zo daga babban yanki dole ya jira jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu. Babu wanda ya tsaya jira. Maza suka fito da zarto mai inji da fitilun hannu, wasu a kan ƙananan motocin nan masu batir da ake yawo da su a tsibirin, 'yan sa-kai na kashe gobara suka bi gida-gida, mata kuma suka tsaya a bakin hanya suna lissafa mutane da ka: wane yana teku bai dawo ba, wance ta tafi asibiti a Crisfield tun safe, wancan gidan na masu zuwa hutu ne babu kowa a ciki, wannan kuwa akwai tsoho mai nauyin ji wanda ƙila bai san abin da ya faru ba. A darasin shirin ko-ta-kwana mun shafe makonni muna tattauna yadda ake tattara rajistar masu rauni a kwamfuta, ga shi kuma na ga rajistar da ba ta buƙatar wuta, domin tana cikin kawunan mutanen da suka yi shekara sittin suna haɗuwa a cocin Methodist ɗaya. Na kuma lura cewa ni ma an lissafa ni, domin na ji wata tana tambayar Mama ko baƙonta yana nan lafiya.

Daga baya hukumar kula da yanayi ta Amurka ta sanya guguwar a matakin EF1, wato iska mai gudun kilomita 138 zuwa 177 a sa'a. Wannan ma'auni ya samo asali ne daga wanda masanin nan Ted Fujita ya ƙirƙiro a 1971, aka sabunta shi a 2007, kuma ba iskar ake aunawa kai tsaye ba, ɓarnar da ta yi wa gini da itatuwa ake dubawa a kintaci ƙarfinta. Malamina ya ce tun da ina wurin, in haɗa ɗan rahoto a kan ɓarnar, ni kuwa na ɗauki littafi na shiga ƙirga rufi, ina raba su gida-gida bisa girman lalacewa, ina jin cewa aiki nake yi.

Wani dattijon masunci ne ya nuna mini inda lissafina ya gaza. Na same shi a rumfarsa ta katako da ke kan ruwa, inda ake jera kwamaye marasa zurfi ana zuba ƙaguwar da ke dab da yin saɓa. Inji ne ke jawo ruwan teku yana zagayawa cikin kwamayen dare da rana, mai rumfa kuma yana leƙawa bayan 'yan sa'o'i domin ya tsame wadda ta saɓe kafin sabon ɓawonta ya yi tauri, saboda mai laushin ce ke da tsada a kasuwa. Idan wuta ta ɗauke a zafin Agusta, ruwan ya tsaya, ƙaguwar takan fara mutuwa kafin gari ya waye. Ya ɗago wata da yatsa biyu ya nuna mini, ta yi laɓas, ya jefa ta cikin bokiti. Na ce, "Baba, ai rufinka bai taɓu ba." Ya dube ni ya ce rufi ana gyara shi a watan Nuwamba, amma ƙaguwar Agusta ba ta dawowa a watan Nuwamba. A takardata rumfarsa tana layin waɗanda ba su yi asara ba.

Gyaran ma kansa wata wahala ce ta daban, domin kowane falle na kwano da kowane katako sai ya hau jirgi kafin ya iso, tarkacen da guguwa ta bari shi ma sai an loda shi an fitar da shi ta ruwa.

Kuskurena na ƙarshe a wannan makon da baki na yi shi. Muna cin kek ɗin nan nasu mai hawa takwas zuwa goma, wanda jihar Maryland ta ayyana a matsayin kayan zaƙinta na hukuma a 2008, sai na tambayi Mama me ya sa ba za su koma babban yanki su huta ba, tun da alƙaluma sun nuna tsibirin ya rasa fiye da eka 3,300 na fadama cikin shekara 150. Ba ta yi fushi ba, amma ta ajiye cokali. Ta tuna mini cewa bayan mahaukaciyar guguwar Sandy ta 2012, gwamnatin jiha ta zo da tayin sayen wasu gidaje a 2013 domin masu su su tashi, mutanen tsibirin suka haɗa kai suka ƙi, har aka janye tayin. Dalilinsu shi ne idan gida goma suka tashi daga wurin da mutum ɗari biyu ke zaune, fasinjan jirgi zai ragu, mai kanti zai rasa ciniki, coci zai rasa masu riƙe shi, sauran kuma za su bi sahu ko ba su so. Sun ga yadda ta kasance da tsibirin Holland da ke arewa da su, wanda mutanensa suka watse tun farkon ƙarni na ashirin, gidansa na ƙarshe ya faɗa ruwa a 2010. Su kansu mutanen tsibirin Smith a da sun kai mutum ɗari takwas. A nan ne na gane abin da ya sa hankalinsu ya fi tashi a kan wanda zai ce ba zai sake gini ba fiye da kan kwanon da ya tashi. Har yanzu ina ganin alƙaluman zaizayar gaskiya ne, kuma ban yarda ƙauna za ta tsayar da teku ba, amma na daina ɗaukar cewa mai riƙe da igiyar awo ya fi mazaunin wurin sanin abin da ke gabansa.

Na yaga rahoton farko na sake rubuta shi, na ƙara layi biyu a jadawalin: sana'ar da ta tsaya da tsawon kwanakin da ta yi a tsaye, sai kuma ko masu gidan suna da niyyar zama. Malamina ya ce layi na biyun ba abin da ake aunawa ba ne, amma ya bar shi. Da na koma fadama bayan kwana huɗu, na tarar da turakuna uku sun ɓace, na sassaƙa wasu daga katakon da Baba ya ba ni cikin tarkacen da aka tara a bakin mashigi, na sake kafa su.