Kofin da muka ciyo da takardar da muka rasa

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin harsuna, na kwashe littattafaina a kwali biyu, na bar makarantar da na yi shekara shida ina koyar da harshen Fotugis. Wajen fita na bi ta gaban ofishin shugaba, inda akwatin gilashin nan yake da kofunan makaranta jere a ciki. Na uku daga hagu namu ne. Ban tsaya ba. Waɗanda muka daɗe tare sun san dalili, amma akwai sababbin malamai biyu da za su gaji ajin, kuma gara su ji labarin daga bakina kafin su ji irin wanda aka ba iyaye.

Tun asali ba don gasa aka buɗe ajin ba. Iyayen da suke biyan kuɗin ƙari suna yi ne saboda shirin PEC-G, wanda gwamnatin Barazil take gudanarwa tun 1965, tana ba ɗaliban ƙasashe masu tasowa gurbin digiri a jami'o'inta ba tare da kuɗin makaranta ba, ci da sha da wurin kwana kuwa na iyaye ne. Abin da ake nema a wajen yaro shi ne takardar Celpe-Bras, jarrabawar ƙwarewa a harshen Fotugis da Barazil ta fara yi a 1998. Alkawarin da muka ɗaukar wa iyaye shi ne yaro ya gama ajin ƙarshe ya zana ta nan gida, a rage masa shekara guda ta koyon harshe a can da kuɗin da za ta ci.

A shekarata ta uku maganar gasa ta shigo. UNESCO ta ayyana 5 ga Mayu a matsayin ranar harshen Fotugis ta duniya a 2019, sai wasu makarantu da cibiyoyin koyon harshe suka haɗu suka shirya gasar jawabi domin ranar. Minti biyar kowane ɗalibi, taken da ya ga dama, alƙalai uku, babu tambaya bayan an gama. Shugaba ya kira ni ofis, takardar gayyatar tana gabansa, ya ce, "Malam, kofin nan nake so. Ka ware mutum uku ka sa su gaba. Awa biyun nan ta ranar Laraba da kuke zama kuna surutu, a mayar da ita ta shirin gasa." Na ce, "Ranka ya daɗe, surutun nan shi ne rabin jarrabawar." Ya ce jarrabawa da saura. Na yi shiru.

Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni ma ina son kofin. Shekara biyu ana kallon ajina kamar abin ado, malaman Faransanci suna tambayata wa zai ci abinci da Fotugis a ƙasar nan, sai ga damar da zan nuna musu.

Cikin ukun akwai yarinya guda mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ta taso da hadda tun tana ƙarama a Islamiyya. In ka karanta mata shafi sau biyu, na uku ita za ta karanta maka. Ni na rubuta mata jawabin da hannuna, daga farko har ƙarshe, a kan boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador na jihar Bahiya a daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin watan azumi. Yawancinsu Yarbawa ne, akwai Hausawa a ciki, kuma an samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Na san babu alƙalin da zai ji Bahaushiya tana ba da wannan labari da harshen ƙasar da abin ya faru bai motsu ba. Mako bakwai muka yi a kan shafi biyu. Bahaushe ba ya raba p da f cikin sauƙi, sai pato, agwagwa, ta koma fato. Ga v da take zama b a bakinmu, ga wasulan hanci irin na pão da irmão. Na sa ta gaban madubi tana duba inda leɓe biyu suke haɗuwa da inda haƙora suke taɓa leɓen ƙasa, har sai da ta kai in ka rufe ido ba za ka ce ba a can aka haife ta ba. Ta zo ta ɗaya. Wata daga cikin alƙalan ta taso ta rungume ta. Shugaba ya sa aka buga hoton a allon ƙofar makaranta.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Nasarar ce ta ruɗe ni, na ɗauka na gano hanya. Awar Laraba ba ta dawo ba, ni kuma ban nema ba. Na zauna na tsara wa ajin duka littafi mai kanun magana goma: muhalli, fasahar zamani, abinci, wasanni, iyali da sauransu, kowanne da sakin layi uku na gyararren Fotugis. Na ce su haddace. A raina, duk abin da za a tambaye su ba zai wuce goman nan ba.

Na san yadda jarrabawar take, abin da ya fi ci mini rai ke nan, domin ni ma na zana ta. Ɓangaren rubutu awa uku ne, aiki huɗu: ɗaya daga bidiyo, ɗaya daga murya da aka naɗa, biyu daga rubutu. Ba a tambayar nahawu ko kaɗan. Za a ce maka kai wane ne, wa kake rubuta wa, me kake so ya yi, sai ka tsinto abin da kake bukata daga abin da ka ji ko ka karanta. Ɓangaren baki minti 20 ne, kai da malamai biyu, ɗaya yana hira da kai, ɗaya yana gefe yana saurare. Minti biyar na farko a kan rayuwarka, sauran 15 a kan takardu uku masu hoto da ɗan rubutu waɗanda ake miƙa maka ɗaya bayan ɗaya don su tayar da zance. Maki daga 0 zuwa 5 ne, ƙasa da 2 babu takarda. Kuma ba a haɗa makin ɓangarorin biyu a raba. Wanda ya fi ƙasa shi ne matsayinka.

Yara bakwai na kai, tafiyar yini guda a mota. Ranar hirar ina zaune kan benci a baranda, ita ce ta huɗu. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta wuce ƙarshen barandar ta tsaya tana murza gefen hijabinta. Na bi ta na ce yaya. Ta ce, "Malam, takarda ta farko hoton wayar hannu ce, na ji daɗi, na fara kawo na fasahar zamani. Ban kai rabi ba ya tsayar da ni, ya ce, to a gidanku fa, yaya abin yake? Malam, gidanmu ba ya cikin littafin."

Na tambaye ta ko ta gane tambayar, ta ce ta gane bayan ya maimaita. Maganarsa tana gudu, yana cewa tá inda muka koya está, pra inda muka koya para, kowace jimla da né a ƙarshenta. Ta san kalmar uwa, ta san ta ƙane, ta san ta waya da ta dare. Haɗa su ta ce mahaifiyarta tana karɓe wayoyinsu bayan sallar isha'i, wannan ne ya gagare ta, saboda a wata biyar babu wanda ya yi mata tambayar da amsarta ba ta rubuce. Sauran mintunan da eh da a'a ta cinye su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sakamako ya fito. A rubutu ta haura 3. A baki ba ta kai 2 ba. Babu takarda. Cikin bakwai ɗin biyu kaɗai suka samu, kuma su ne waɗanda nake yi wa faɗa saboda suna ɓata lokaci wajen kallon sharhin ƙwallon Barazil a waya da hira da wasu samarin Angola a intanet. Rubutunsu cike da kuskure, amma in aka tambaye su suna amsawa.

A taron iyaye shugaba ya miƙe ya ce makaranta ta ba da duk abin da ake bukata, shaida ga kofi nan, matsalar daga dabarar koyarwa take, kuma za a sa ido a kan malamin. Ko kalma ɗaya bai ce a kan Laraba ba. Ina zaune a layin gaba, takardar da ya sa wa hannu ta canjin jadawali tana cikin jakata. Ban fito da ita ba, domin na san in na nuna tasa, littafin kanu goma nawa ne, babu wanda ya sa ni. Amma har yau ban manta yadda ya faɗi maganar ba tare da ya dubi inda nake ba, mutumin da ya riƙe hannuna ya ɗaga sama ranar gasa.

Bayan an tashi mahaifin yarinyar ya same ni wajen motoci. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, na yarda da ƙaddara. Amma da ka gaya mini gasar za ta ci lokacin jarrabawa, da na ce a bar gasar. Kai ka sani, ni ban sani ba." Duk abin da shugaba ya faɗa a zauren bai kai wannan zafi ba.

Na dawo da awar Laraba da kaina, bayan an tashi makaranta, ba a biya ni ko kwabo a kanta ba har na bar aikin. Na tattara littattafan kanu goma na kulle a kabad. A Barazil akwai babbar gasar rubutu ta makarantun gwamnati da ake kira Olimpíada de Língua Portuguesa, ta yi shekaru takenta ɗaya ne, wato "Wurin da nake zaune". Shi na ara. Kowane yaro ya ba mu labarin layinsu, mai shayin bakin titi, rigimar ruwan famfo, kakarsa da abin da take hana su. Yana cikin magana sai in katse shi in ce don me, ko wa ya gaya maka, ko in da kai ne fa. Da farko sun tsani abin. Wata yarinya ta yi kuka a mako na biyu. Zuwa ƙarshen zango su ke katse juna, har in rasa inda zan sa baki.

A wannan zaman ne na lura da wani abin da na daɗe ina tsallakewa. Yaranmu suna da gata a jinsin kalmomi, domin a Hausa yawancin sunayen mace da a suke ƙarewa, haka ma a Fotugis. Har togaciyar iri ɗaya ce: yadda gida da ruwa da suna suke maza, haka dia da mapa da problema. In ka fara daga nan, darasin mako uku yana komawa na kwana biyu. Inda suke tuntuɓe shi ne avô da avó, domin mu kaka ɗaya muke da ita ga namiji da mace, su kuwa buɗewar wasali kaɗai ke rabawa.

Sauran abubuwan gajeru ne. A tambayi uba ina yaro zai nufa kafin a zaɓa masa jarrabawa, domin mai zuwa Fotugal ta cibiyar CAPLE ta Jami'ar Lisbon yake bukata, kuma kunnen da ya saba da lafazin Barazil yana shan wuya da na Lisbon, inda ake haɗiye wasula. A duba sunan yaro a rajista ya dace da na fasfo harafi da harafi. A riƙa sa musu murya ta lasifika a ɗaki mai hayaniya, kada su saba da abin kunne. Duk canjin jadawalin da aka umarce ka da shi, ka nemi a rubuta, ka kuma sanar da iyaye da kanka a makon. Kada malami ya rubuta wa yaro jawabin gasa.

Yarinyar ta ci gaba da zuwa Laraba bayan ta gama makaranta, ƙaninta yana rako ta. Shekarar da ta biyo ta sake zama, ta samu mataki na biyu cikin matakai huɗu na takardar, Intermediário Superior. Yara tara na kai a wannan karon, bakwai suka dawo da takarda. Shugaba ya sa adadin a takardar tallan makaranta, ƙarƙashin hotonsa.

Kafin in miƙa makulli na ga jadawalin zango mai zuwa manne a ɗakin malamai. An dawo da Fotugis cikin awannin Laraba, amma a gurbin an rubuta shirin gasa. Na kira sababbin malaman biyu na nuna musu, na ba su kwafin tsohuwar takardar da ta shekara uku a jakata, da lambobin iyayen ajin ƙarshe.