Mai Rubuta Cigiya a Bakin Tashar Yankaba

Shagona yana kan titin Haɗeja, jifa kaɗan daga tashar Yankaba, inda motocin Jogana da Gezawa da Zakirai da Ringim suke sauke fasinja. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya, injin buga takarda, injin kwafi, ƙaramin janareto, sai dogon benci da baƙi suke zama a kai. Yara biyu nake aiki da su, ɗaya yana bugu, ɗaya yana kai saƙo gidajen rediyo da ofisoshin jarida. Mai wucewa zai ɗauka kwafin takardu kawai muke yi. Amma abin da ya riƙe shagon nan tun da na buɗe shi, sanarwa ce. Mutum ya taso daga ƙauyensu da magana a bakinsa, mu zauna da shi mu mayar da ita rubutu, mu kai ta inda kunnuwa za su ji.

A wata maɗaba'a da ke Fagge na koyi aiki, ina haɗa katin ɗaurin aure da na saukar karatu. A can na lura da yawan mutanen karkara da suke shigowa birni da sanarwa, su yini suna tambayar hanyar gidan rediyo, kuɗin motar ya cinye rabin abin da suka zo da shi, wani ma ya koma bai isar ba. Shi ya sa da maigidana ya yaye ni na nemi wuri a bakin tasha.

A ƙauye ai sanarwa tana da hanyoyinta tun kaka da kakanni. Dagaci ya tashi mai shela ya zaga gari bayan magariba. Liman ya faɗa bayan an idar da Juma'a. A raba goro da alawa gida gida, kowa ya san akwai suna ko ɗaurin aure. Ranar kasuwa kuma, a Larabar Abasawa ko Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi, labari ɗaya yana iya shiga ƙauyuka ashirin kafin la'asar. Duk waɗannan suna nan ba su mutu ba. Abin da ya canza shi ne mutanen garin sun watsu. Rabin samarin suna ci-rani, wasu a Legas, wasu a Fatakwal, 'yan mata sun yi aure a Kurna da Rijiyar Lemo da Brigade, yara suna karatun allo a tsangayun birni. Muryar mai shela ba ta kai can. Daga inda ta tsaya nake ɗauka.

Mahaifina yakan ba ni labarin zamanin da mutum ɗaya zai sayo Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya zauna a dandali yana karanta wa jama'a. Da aka kafa kamfanin Triumph a nan Kano a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sai ga Albishir da boko, ga Alfijir da ajami, malamin tsangaya ma ya samu tasa. Amma mutumin karkara rediyo ya fi riƙewa. Shekaru da dama Rediyon Kano da Rediyon Kaduna ne madogara. Da rediyon Freedom ta buɗe a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yi ta biyo baya, har yau ga su nan barkatai. Wannan yawan ne ya sa aikina ya zama sana'a. Ba kowace tasha ce take kamawa a kowane gari ba, kuma ba kowane lokaci ne ake sauraro ba. Da damina idan ka bari aka karanta sanarwar manomi da hantsi, kuɗinsa ka zubar, domin waɗanda yake so su ji suna gona. Sai da sassafe, ko bayan isha'i. Sanarwar da ake so mata su ji kuwa, hantsin ne lokacinta.

Ɗaurin aure da suna da walima ba su da wuya. Iyalan wane da na wane suna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki, a faɗi rana da wuri da lokaci, a rufe da Allah ya ba da ikon halarta. Su ne suke kawo kuɗi, musamman da kaka idan amfanin gona ya shigo gida, da kuma makonnin da ke gab da azumi.

Cigiya ce take cin rai.

Wata Asabar wani dattijo ya sauka daga motar Zakirai, ya shigo da sandarsa da 'yar jakar fata. Jikansa ne ya ɓace, kwana huɗu, an kawo shi karatun allo bai fi wata biyu ba, ya fita bara da safe bai dawo ba. Na ba shi ruwa ya sha, na ɗauko biro.

Na ce, "Baba, yaya kamanninsa?"

Ya ce, "Yaro ne mai hankali, ɗana. Ba ya faɗa da kowa."

"Allah ya yi masa albarka, Baba. Fari ne ko baƙi?"

"To, kamar uwarsa yake."

Haka muka yi kusan awa guda. Ba rashin sani ba ne. Wanda kake gani kullum ba ka siffanta shi, zuciyarka ce take gane shi. Hoto babu, ba a taɓa ɗaukarsa ba. Sai na fito da shi ƙofar shago, na riƙa nuna masa yaran da ke wucewa: ya kai wancan tsawo? Ya fi wannan haske? A hankali yaron ya fara fitowa a takarda. Shekara takwas, wankan tarwaɗa, siriri, yana da bille a kumatun hagu, haƙoransa biyu na gaba sun faɗi ba su gama fitowa ba. Malamin allonsu ya ce da shuɗiyar riga ya fita, da roba ja a hannu. Sai can da za mu tashi dattijon ya ce, "Af, akwai tabon ƙuna a bayan ƙafarsa ta dama, tun yana rarrafe ya faɗa murhu."

Wannan tabon ban sa shi a sanarwa ba, kuma na gaya masa dalili. Akwai marasa tsoron Allah da suke zaune kusa da rediyo suna jiran lambar waya. Su kira su ce yaro yana hannunsu a wani gari, a turo kuɗin mota. Uba yana cikin ruɗu, ya sayar da akuya ya tura, waya ta mutu. Don haka kullum nakan ɓoye alama ɗaya. Duk wanda ya kira, a tambaye shi me ke ƙafar yaron. Kuma a ƙarshen kowace cigiya nakan rubuta cewa wanda Allah ya sa ya gan shi ya miƙa shi ga mai unguwa, ko ofishin 'yan sanda, ko na Hisba mafi kusa. Tun da aka gano yaran nan tara da aka sace daga Kano a jihar Anambra a watan Oktoban 2019, iyaye ba sa jiran kwana uku kamar da. Wasu a ranar suke zuwa, kuma hakan ya fi. Ba na karɓar ladan rubutu a kan cigiyar yaro, kuɗin gidan rediyo kawai ake biya.

Jikan dattijon nan an same shi a kwana na shida, wajen Unguwa Uku, wani mai shayi ne ya ajiye shi. Da damina ta kama sai ga saƙon ƙwan zabi daga hannun direba.

Cigiyar dabba ita ba ta ba ni wahala. Makiyayi ba ya inda-inda. Zai gaya maka bunaji ce ko rahaji, yadda ƙahon ya lanƙwasa, inda aka tsaga kunnen, ko tana da ciki. Mai tunkiya ya ce uda ce, gabanta baƙi bayanta fari. Rubutawa kawai nake yi.

Akwai kuskuren da na yi a shekarata ta biyu wanda har gobe ba na mantawa. Wani saurayi ya shigo a gurguje da sanarwar rasuwa, ana so ta fita kafin azahar don a samu jana'iza. Ya ba ni sunan mamacin da sunan garin, na buga, yarona ya ruga da ita. Ashe a garin dattawa biyu ne masu suna ɗaya, dukansu ana ce musu Malam, dukansu manoma. 'Yar wanda yake raye tana aure a nan cikin gari, ga tsohon ciki. Ta ji a rediyo, ta yanke jiki ta faɗi. Allah ya kiyaye, ita da abin da ke cikinta suka tsira, amma sai da ta kwana biyu a asibiti. Na rufe shago na shiga mota har garin. Na durƙusa gaban mahaifinta na ce, "Baba, laifina ne, ban bincika ba. Ka yafe mini." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Na yafe, yaro. Amma ka riƙa tambaya."

Tun daga ranar ba na sakin sanarwar rasuwa sai da sunan uba, da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, da unguwarsu, da sana'arsa. Kuma sai na kira liman ko mai unguwar garin na ji daga bakinsa. Ina da littafi mai baƙin bango cike da lambobinsu, gari gari. Wasu masu kawo saƙon suna jin haushi, su ce ina ɓata musu lokaci ga gawa tana jira. Nakan ba su haƙuri, amma ba na fasawa. Minti biyar ne.

Haka nake yi da tallan gona ko fili ko kangon gida. Idan mutum ya ce in buga masa cewa ana sayar da gona a wuri kaza, sai in ce ina takarda, ina sa hannun mai unguwa, gado ce ko saye, an raba ko ba a raba ba. Na sha mayar da kuɗi. Wani ya zo zai sayar da gonar marayun ƙaninsa, da na kira garin mai unguwar ya ce, "Malam, kada ka soma, maganar tana gaban alƙali." La'adar da zan samu ba ta kai in tsaya gobe kiyama a kan haƙƙin maraya ba.

Wani aikin da ban yi zatonsa ba shi ne canjin suna. Tun da bankuna suka fito da lambar tantance masu asusu, wato BVN, a 2014, sannan a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, mutanenmu suka shiga uku. Mutum ɗaya, a takardar firamare an rubuta shi Mamman, a banki Mohammed, a katin zaɓe Muhammadu, a wani wurin kuma an liƙa masa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. Dole ya je kotu ya yi rantsuwa, sannan a buga a jarida cewa duk sunayen nan nasa ne kuma takardunsa na baya suna nan daram. 'Yan layuka huɗu ne a cikin ɗan akwati, da Turanci, amma harafi ɗaya ya kuskure an koma gidan jiya. Nakan karanta wa mai shi harafi harafi, in fassara masa da Hausa, ya amince, kafin in tura.

Riba kam ta ragu. Takarda da tawada sun yi tsada, man janareto kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 sai addu'a. A farkon shekarar, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, akwai wanda da kwanon gero ya biya ni, na karɓa. WhatsApp da Facebook sun kwashe fiye da rabin aikin katin gayyata, yanzu hoton kati ake so a tura a waya, mu ma mun koyi haɗa shi. Ban ƙi wayar ba, tana da sauri, ta sha dawo da yaro gida a yini ɗaya. Abin da ke damuna da ita shi ne sanarwa ba ta mutuwa a cikinta. An samu yaro tun bara, hotonsa yana ta yawo, ana ta kiran uban da tsakar dare. Shi ya sa nake buga kwanan wata da manyan baƙaƙe a saman kowace cigiya, kuma idan an dace nakan haɗa wata takardar kyauta mai cewa alhamdu lillahi an same shi, in roƙi a yaɗa ta kamar yadda aka yaɗa ta farko. Takardun bango kuma direbobi da 'yan kamasho ne suke kai mana su, a liƙa a ƙofar masallaci da bakin kasuwa da gidan dagaci. Yawancinsu ba sa karɓar ko sisi idan suka ga cigiya ce.

A aljihun teburina na ƙasa akwai fayil na waɗanda ba a kira an ce an samu ba. Ba na zubar da ko ɗaya. A ciki akwai ta wata yarinya daga wani ƙauye a bayan Gezawa, ta biyo mahaifiyarta biki cikin gari, aka neme ta aka rasa. Duk bayan ƙaramar Salla uwar takan zo. Ta zo makon jiya, ta zauna a ƙarshen benci, ta kwance bakin mayafinta ta fito da kuɗi. Na ce, "Inna, mayar da kuɗinki."

Ta ce, "To ɗana, Allah ya biya ka. Ka sake buga mini guda ashirin. Amma ka gyara shekarun, yanzu ta shiga tara."

Na buɗe kwamfuta na goge takwas na sa tara. Yarona ya ƙirga ashirin ya sa mata a leda, ya raka ta har motar Gezawa.