Abin da na koya a kwanakin da matatar ruwa ta tsaya

A shekarar da na yi aikin sanin makama a matatar ruwa ta wani babban gari a Arewa, an tafka ruwan sama cikin watan Agusta har kogi ya tumbatsa ya shiga ɗakin injinan da ke janyo ruwa zuwa matatar. Kafin gari ya waye injinan sun tsaya, kuma manyanmu suka ce sai an kwance su an busar da su an gwada kafin a sake kunnawa, aikin da ba ya ƙarewa a yini ɗaya. Abin da ya rage wa gari kaf shi ne ruwan da aka riga aka tace, wanda ke kwance a babban ma'aji da tankunan kan tudu.

A lokacin, fahimtata game da tsimin ruwa ba ta wuce ta randa da jarka ba. Da na ji za a roƙi jama'a ta rediyo su rage amfani da ruwa, sai na ce wa dattijon da ke kula da bawul-bawul, "Baba, ai gara a gaya musu kowa ya cika abin da yake da shi tun bai ɗauke ba." Ya ce, "Ɗana, in kowa ya cika nasa, wa zai bar wa bututu nasa?" Sai ya ja ni zuwa wurin agogon da ke auna ƙarfin ruwa, muka tsaya muna kallon allurarsa tana sauka a hankali tun hantsi bai yi ba, domin labari ya riga sanarwa isa unguwanni, kowa ya buɗe famfo ya kafa duro.

A nan na gane abin da na karanta a aji ban riƙe shi ba. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, duk inda ya tsage ruwa ne ke fita, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Da zarar ƙarfin ya faɗi, sai lamarin ya juya, abin da ke kewaye da bututun ya fara kutsawa ciki. Da yamma na ga wannan da idona a wani lungu inda bututu ya ratsa ta cikin kwata. Mahaɗin da kullum ke fesar da ruwa har yara na wasa da shi ya yi tsit, baƙin ruwan kwata ya rufe shi, 'yan kumfa suna tasowa. Gidajen da suka jona ƙaramin inji kai tsaye da bututun gwamnati su suka fi ɓata lamarin, saboda tsotson injin yana hana na ƙarshen layi samu, kuma yana janyo wa kowa dauɗa. A ganina wannan ɗabi'a zalunci ce, ko da mai yin ta bai sani ba, domin wanda ke ƙarshen layi sau da yawa talaka ne ko ƙaramin asibitin unguwa.

Bayan na koma makaranta na karanta abin da ya sami birnin Jackson na jihar Mississippi a Amurka a ƙarshen Agustan 2022. Kogin Pearl ya yi ambaliya, yanayin ruwan da ke shiga matatar O.B. Curtis ya sauya, ga shi dama manyan injinanta sun lalace ana lallaɓawa da na wucin gadi. Birni mai mutane kusan 150,000 ya rasa ƙarfin ruwa, sojojin jiha suka riƙa raba ruwan roba, makarantu suka koma karatu ta intanet. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ko da ƙarfin ruwa ya dawo cikin kwanaki, ba a janye umarnin tafasa ruwa ba sai ranar 15 ga Satumba, bayan an gwada an tabbatar. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne dalilin da Baba ya nuna mini a gaban agogo.

Ta fuskar gida, ƙididdiga ta taimake ni wajen yi wa mutane bayani. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi a lokacin gaggawa shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, wanda lita 2.5 zuwa 3 ne kawai na sha da na cikin abinci. Wato jarka ɗaya mai lita 25 ta isa mutum har da saura, amma masai na zamani yana iya lashe lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya. Don haka muka riƙa cewa a ware ruwa gida biyu, mai tsabta a rufe shi don sha da girki da wanke hannu, na ɗaurayar kaya da na wanka kuwa a tara shi a bokiti don kora masai. Da muka nemi limamai su yi magana, sai suka tuna wa jama'a cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i, kuma wannan ta fi sanarwarmu ta rediyo shiga kunne.

Ranar da injina suka tashi na zaci aiki ya ƙare, ashe a lokacin ne mai wuyar ya soma. Kogi ya dagule, sai da aka ƙara alif kafin laka ta kwanta, aka ƙara kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, aka buɗe bakin manyan bututu don ruwan farko mai launin ƙasa ya fice. Aka ba ni kwalabe da ƙwayar gwaji aka ce in bi ƙarshen layuka in tabbatar ragowar kulorin ta kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. A wani gida na tarar da wata uwa ta tara kofi a famfo za ta ba ɗanta. Na ce, "Hajiya, don Allah a dakata, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka tukuna." Na jefa ƙwayar a kwalba muka zuba ido ni da ita, ruwan bai sauya launi ko kaɗan ba, alamar babu kulorin a cikinsa. Ta juye kofin a gindin bishiya ta shiga ta hura wuta, ni kuma na rubuta sunan layin na kira matata a sake wanke shi.