Godiya ga ikilisiyar da ta karɓe mu

Mun koma gidanmu na Fori. Bango bai gama bushewa ba, amma mun kwana a ɗakinmu, godiya ta tabbata ga Ubangiji. Ba zan maimaita labarin daren da dam ɗin Alau ya ɓalle ba, duk kun san abin da ambaliyar 10 ga Satumba 2024 ta yi wa Maiduguri, ni kuma na gaji da ba da shi.

Lahadin farko nake so in faɗa. Mun sami mafaka a wata majami'a can wajen Bulumkutu, ba ma ɗarikarmu ba ce, mu 'yan EYN ne (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), ba mu san kowa ba. Ana cikin sujada mai sanarwa ya ce baƙi su tashi a yi musu maraba. Na kasa tashi. Zanen da na fito da shi daga ruwa shi ne a jikina kwana biyar, kaina ba ɗankwali, silifas ɗin ma wari da wari. Na sunkuyar da kai ina fatan a wuce.

Sai wata tsohuwa da ke gefena ta zaro ɗankwalin Zumuntar Mata daga jakarta ta ɗaura mini da hannunta, ta kama ni muka miƙe tare, ta ce wa jama'a, "'Yata ce, ta zo gida." Da lokacin baiko ya yi kuma ta cusa mini kuɗi a tafin hannu ba wanda ya gani, don kada in zauna ni kaɗai ana fita layi. Mama, kin hana ni faɗa, ki yi haƙuri. Tun ina ƙarama nake jin ayar Matiyu 25:35 a kan saukar da baƙo, ranar nan na gan ta da idona.

Baba Fasto da Mama Fasto da suka ba mu ajin makarantar Lahadi, dattawan da ba su taɓa tambayarmu katin baftisma ba, matasan da suka yi ta ɗebo ruwa, Baba mai gadi da ya goya ƙaramin ɗana cikin dare zuwa kemis, Ubangiji ya tuna da ku. Ya tsare ƙofofinku daga ruwa da wuta, ya sa 'ya'yanku kada su rasa mai buɗe musu ƙofa a baƙon wuri, ya ninka muku, cikin sunan Yesu, amin.

Akwai 'yan'uwa na jini da har yau ko kira. Na bar wa Allah, ina roƙonsa ya wanke mini zuciya.

Mama, ɗankwalinki yana wurina, na wanke na goge. Ranar Lahadi zan kawo, tare da tukwanen Zumuntar Mata guda biyu.