Shagon turi a Gusau: abin da za ka karɓa da abin da bai kamata ya shiga wayarka ba

Ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Mako biyu aka ce da farko, amma abin ya ja fiye da haka nesa ba kusa ba. Babu kira, babu saƙo, babu intanet. A waɗannan makonni abin da mutum ya riga ya ajiye cikin wayarsa ko katin memori shi kaɗai ya rage masa, ko karatun Alƙur'ani ne, ko littafin makaranta, ko fim. Wanda ya saba kallon komai kai tsaye daga YouTube ya wayi gari da waya mai tsada a hannu, ba ta da amfani sai haska hanya da dare.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa zamanin shagon turi ya wuce ba. Leƙa ɗaya daga cikinsu a kasuwar Gusau ko Kaura Namoda ko Talata Mafara: kwamfuta ɗaya da allonta ya sha ƙura, had-dis biyu ko uku a gefe, igiyoyin waya sun harɗe kamar taliya, batirin sola a ƙarƙashin teburi. Yaro ya miƙo kati ya ce, "Maigida, cika min shi, Indiya-Hausa biyar, sauran waƙa da wa'azi." Kafin ya gama gaisawa da na kan benci an gama. Wannan shago hanya ce ta raba bayanai wadda ba ta jiran sabis, kuma a jihar da sabis ke zuwa yana tafiya, abu ne mai daraja. Damuwata tana kan kayan da ake ɗorawa a kan hanyar, don ba dukkansu ne iri ɗaya ba.

Sai an yi lissafin data kafin a gane abin da ke kai mutane shagon. Gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 450 a awa guda. YouTube da kansa ya ce bidiyo mai 360p (wato matakin kyawun hoto) yana son megabit 0.7 a daƙiƙa, mai 480p yana son 1.1, mai 720p yana son 2.5, mai 1080p kuma 5. In ka buga, awa ɗaya a 360p ta kai megabayit 315, a 480p kusan 500, a 720p ta haura giga 1, a 1080p ta haura giga 2. Fim mai awa biyu a 720p ya lashe fiye da giga 2 ke nan, kuma in ƙanenka ya ce zai kalla gobe, sai a sake biya. Tun da NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi a aljihu.

Yawancin masu cewa "an sace min data" wayarsu ce ke sha a ɓoye. Idan sabis ya yi ƙarfi, manhajar bidiyo da kanta take hawa zuwa hoto mafi kyau, shi ya sa giga ɗin da ya yi maka kwana huɗu a ƙauye yake ƙarewa yini ɗaya a cikin gari. Shiga saitin YouTube ka ɗaure shi a matakin tsimin data. A WhatsApp, je wurin ajiya da data ka cire alamar sauke hoto, murya, bidiyo da takardu kai tsaye a kan datar waya. Mutumin da ke cikin zaure goma sha biyar yana sauke bidiyon da bai taɓa buɗewa ba. A Play Store mayar da sabunta manhajoji zuwa Wi-Fi kaɗai. Duba Google Photos, don in an ba shi damar amfani da datar waya yakan kwashe duk bidiyon bikin da ka ɗauka ya ɗora su a intanet da datarka. Mafi ɓarna kuwa shi ne jona kwamfuta da wayar: Windows yana ɗaukar layin a matsayin na gida mara iyaka, sai ya fara sauke sabuntawa mai giga da yawa. Buɗe bayanin wannan Wi-Fi ɗin a kwamfutar ka kunna maɓallin da ke nuna cewa layin na awo ne. Bayan haka danna *323# ka rubuta abin da ya rage da safe da kuma dare na kwana uku, ka gwada da abin da ma'aunin data na wayar ya nuna. In tazarar ta yi yawa, kai ƙara wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su warware ba ka kira 622, layin NCC na kyauta. Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka shi ma ka karanta sharuɗɗansa, don galibi akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu.

To, mu koma shagon. Kayan da ake turawa kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke ruɗa mutane. Akwai fayil da ake kallo ko saurare, akwai kuma manhaja da ke aiki a cikin na'urarka da izininka.

Fim ɗin da aka kwafa ba da yardar mai shi ba, cutarwarsa tana kan wanda ya zuba kuɗinsa. Furodusan Kannywood ya biya 'yan wasa, ya biya mai kyamara da mai tace hoto, ya ɗora shirin a YouTube don tallar da ke ciki ta mayar masa da wani abu. Mai shago ya sauke sau ɗaya ya tura wa mutum ɗari biyu. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Wannan haƙƙi ne, kuma bai kamata mu riƙa yi masa kwana-kwana ba. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi abin da ke intanet, ta kuma haramta fasa makullin da mai aiki ya sa wa aikinsa. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Sai dai kame da ƙwace kwamfuta ba za su sa matar da ke Bakura ko Maradun ta samu giga 2 na kallon fim ba. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne masu shirya fim su ɗauki masu turi a matsayin dillalai, kamar yadda a da aka yi da masu sayar da kaset da faifan CD: a sayar wa shago izinin tura shiri a kan kuɗi sananne, a ba shi kwafi mai kyau da wuri. Shagunan suna nan a kowace unguwa, kwastomomi sun san hanyarsu.

Manhajar da aka fasa kuwa, kai take fara cuta. Ɗauki GBWhatsApp da ire-irensa, wato WhatsApp na jabu, waɗanda ake so saboda ɓoye alamar karanta saƙo da ganin abin da aka goge. WhatsApp ya faɗa ƙarara cewa yana dakatar da lambar da ke amfani da su, da farko na ɗan lokaci tare da agogo yana ƙirgawa, in aka ci gaba kuma gaba ɗaya. Ga mai sayar da atamfa ko turare da duk kwastomominta ke kan wannan lamba, garin neman gira ne a rasa ido. Kuma ba wanda ya san hannun da fayil ɗin ya bi kafin ya iso ta Xender. Lura da izinin da irin waɗannan manhajoji ke nema. Wasan ƙwallo ko manhajar gyaran hoto da ta ce tana son karanta saƙonninka na tes, ko ta nemi izinin nan da aka tanada don taimaka wa masu larurar gani, wanda ke ba ta damar ganin allo da danna maɓalli a madadinka, to tana iya karanta lambar sirrin da banki ke turo maka. A wayar da ke ɗauke da manhajar banki ko ta POS, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. In tana wayarka yanzu, fitar da muhimman hirarraki tukuna, don ajiyar na jabu ba kasafai take komawa cikin na asali ba. Sannan ka goge ta, ka sauke na asali daga Play Store, ka sa lambar tabbaci mai lamba 6, ka bar Play Protect, mai gadin da ke cikin Play Store, ya bincike wayar.

A kwamfuta abin ya fi ba ni takaici, saboda sau da yawa babu ma buƙatar fasawar. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo suke dasa lambar lasisi a cikin babban fanel ɗin kwamfutar, wato motherboard. Yawancin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su suna da lasisinsu na halal a jiki. Abin da ke faruwa shi ne mai gyara yana da filashi ɗaya mai Windows Pro, ya ɗora shi a kan kwamfutar da lasisinta na Home ne, lambar ta ƙi shiga, sai ya kashe Windows Defender, mai gadin kwamfutar daga ƙwayar cuta, ya sa manhajar fasawa mai suna KMSPico. Wannan yana yaudarar Windows ne cewa akwai lasisi na kwana 180, yana ta sabuntawa, kuma a ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya nuna yadda ake cusa ɓarawon kalmomin sirri mai suna Cryptbot cikin kwafinsa. Alamun da za ka gani: fanka tana ihu alhali ba ka buɗe komai ba, batir yana zuba, Defender ya ƙi kunnuwa. Gyaran shi ne a sake ɗora irin Windows ɗin da kwamfutar ta zo da shi daga shafin Microsoft, fayil ne mai giga 5 zuwa 6, a jona intanet, zai kunna kansa. A tuna kuma Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, shi kuwa Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da aƙalla giga 4 na RAM. Tsohuwar kwamfutar da ba ta kai ba, Linux Mint, wanda ake sawa kyauta a madadin Windows, ya fi mata alheri.

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaura Namoda da ke rubuta furojet ba ya buƙatar Office na sata. LibreOffice kyauta ne, bai kai rabin giga ba, yana buɗe docx yana ajiyewa. Matsalarsa ɗaya ita ce shafuka kan ɗan goce in an buɗe a Word, don haka mayar da aikin PDF kafin ka kai wurin bugawa. Mai lissafin bincike yana da jamovi ko PSPP a madadin SPSS. Inda gaskiya ta yi ɗaci shi ne wurin masu buga kalanda da katin biki: kasuwarsu gaba ɗaya a kan CorelDRAW take, kuma Inkscape ba ya buɗe fayilolinsa daidai a kowane lokaci. Ga mai cin abinci da wannan sana'a, kuɗin lasisi jari ne kamar kuɗin injin bugawa.

Duk waɗannan manhajoji na kyauta halal ne a kwafe su a raba, lasisinsu ma ya yarda da haka. Mai shago zai iya sauke LibreOffice da VLC sau ɗaya da datar dare, ya haɗa da Kiwix, wanda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba har da ta Hausa, ya caji kuɗin turawa da sakawa, ba wanda ya ci haƙƙinsa.

Saura katin kansa. Araha ba ta ado: akwai katin da aka rubuta wa giga 64 alhali cikinsa 8 ne, an sauya masa bayani don waya ta ga 64. Zai karɓi kaya lafiya har ya cika 8 ɗin gaskiya, daga nan sabo ya riƙa hawa kan tsoho, sunayen fayiloli suna nan amma in ka buɗe babu komai. Gwada shi da H2testw a kwamfuta kafin ka zuba masa abin da kake ji da shi; yana cika katin ne ya sake karantawa, don haka yana ɗaukar lokaci. Amma kati mai 32 da ya nuna 29 da ɗoriya, ko mai 64 da ya nuna 59 da ɗoriya, lafiyarsa ƙalau, bambancin ƙirga ne kawai. In kuma fim mai fiye da giga 4 ya ƙi shiga alhali akwai wuri, tsarin ajiyar katin, wato FAT32, ne ya hana, sai a kwashe kayan a mayar da katin exFAT. Filashin da ya dawo daga shago duk foldodinsa sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, kada ka danna ko ɗaya, don dannawar ce ke sakin ƙwayar cutar. Kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. Buɗe cmd, wurin rubuta umarni a Windows, in filashin yana kan harafin E ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna, za su fito. Kwashe su gefe, ka bincike su da Defender, sannan ka wanke filashin gaba ɗaya kafin ka mayar.