Godiya bayan zaman wayar da kai kan ciwon gawut

Assalamu alaikum. A madadin ma'aikatan lafiyar da suka shirya zaman ranar Asabar, muna godiya ga mai unguwa da ya ba mu fili, da malam liman da ya yi shela bayan sallar Juma'a, da iyayenmu mata da suka zo duk da hidimar gida. Allah ya saka da alheri. Godiya ta musamman ga 'yan'uwanmu mahauta da matasa masu ɗaga ƙarfe, domin tambayoyinku ne suka raya zaman. Lokaci ya ƙure ba mu amsa wasu yadda ya kamata ba, shi ya sa muka rubuto.

Ga dattawan da suka jure aka ɗebi jininsu, mun gode da haƙuri. Abin da muka auna shi ne yurik asid, dattin da jiki ke samarwa idan ya farfasa fiyurin, wani sinadari da ke cikin abinci da jikinmu. Ƙoda ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku, hanji ya fitar da saura. Idan ya haura 6.8 a awon miligiram cikin desilita, sai ya fara daskarewa kamar ƙananan allurai a gaɓa, galibi gindin babban yatsan ƙafa. Wannan shi ne ciwon gawut. Cikin dare yake kamawa: wurin ya kumbura, ya yi zafi, fatar tana sheƙi, ko zanin rufa ya taɓa sai mutum ya yi ƙara. A yawancin masu ciwon, ƙoda ce ba ta fitar da shi sosai, kuma akwai gado a ciki. Don haka a daina yi wa mai gawut gorin cewa kwaɗayin nama ne ya ja masa. Wanda aka auna yana tsakiyar ciwo ya ga sakamako daidai, kada ya saki jiki, ya sake awo bayan mako biyu zuwa huɗu.

Mahauta, kun yi mana adalci da kuka saurara har ƙarshe. Ba mu ce a bar nama ba. Inda fiyurin ya fi taruwa shi ne kayan ciki, musamman hanta da ƙoda, sai romon da aka daɗe ana dafa nama a ciki, domin fiyurin yana narkewa ya koma cikin ruwan. Sai kifin gwangwani na sadin da jatan lande. Mai gawut ya bar farfesun kayan ciki, tsokar nama kuma kada ta wuce faɗin tafin hannunsa a rana. Lokacin layya ne aka fi faɗawa, ana cin soyayyen nama safe da yamma ana korawa da lemon kwalba. Lemon nan ba ƙaramin laifi gare shi ba, sukarinsa yana sa hanta ƙara samar da yurik asid. Giya kuwa tana ƙara shi, tana kuma hana ƙoda fitar da shi. Wake, alayyafo, ƙwai, nono da kindirmo marar sukari duk a ci. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, wanda ya bi maza fiye da 47,000 tsawon shekara 12, ya nuna nama da abincin teku suna ƙara haɗarin, madara marar kitse tana rage shi, ganye da wake kuma ba su ƙara ba.

Matasanmu da suka zo da robobin garin furotin muka karanta tare, madalla da ku. Garin da aka yi daga ruwan madara fiyurin ɗinsa kaɗan ne, shi kaɗai ba ya kawo gawut ga mai lafiyar ƙoda. Matsalar tana cikin abin da aka haɗa masa: sukari, yis, garin hanta, ko bitamin nayasin mai yawa. Ludayi ɗaya yakan ɗauki giram 20 zuwa 25 na furotin. Mutum yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a rana a kan kowane kilo na nauyinsa, mai motsa jiki sosai 1.2 zuwa 2, kuma da abincin rana ake lissafin. Abin da ya fi tayar da ciwon shi ne yin gumi ba shan ruwa, ko yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya don a rame da sauri. Mai shan kiriyatin, wato garin ƙara ƙarfin tsoka, ya gaya wa likita kafin awon ƙoda, domin yana iya ɗaga sakamakon.

Maganar kanwa ta dame mu ƙwarai. Jiƙa kanwa ko garin baking soda a sha wai don a wanke asid ba ya narkar da abin da ya daskare a gaɓa, sai dai gishirinsa ya tayar da hawan jini. Maganin ƙarin jini ma kada a sha sai awo ya nuna ƙaranci. Dalma kuwa tana lalata ƙoda ta hana ta fitar da yurik asid, don haka masu haƙar zinare da masu gyaran batir su faɗi sana'arsu a asibiti. Abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi.

Mun gode wa masu shagon magani da suka yarda su daina ba masu ciwon ƙoda ko gyambon ciki maganin rage ciwo na diclofenac. Gyaran abinci kaɗai da wuya ya rage yurik asid fiye da maki ɗaya a awo, saboda haka wanda ciwon ke dawo masa sau biyu a shekara ko fiye, ko ya fara ƙulli a gaɓa, yana buƙatar allopurinol, maganin rage yurik asid. Likita kan fara da miligiram 100 ko ƙasa, yana ƙarawa duk bayan 'yan makonni har awo ya sauka ƙasa da 6. A watannin farko ciwon na iya tashi, shi ya sa ake haɗawa da colchicine, maganin hana ciwon tashi, na wata uku zuwa shida, kuma ba a daina shan allopurinol saboda ciwo ya tashi. Amma idan ƙuraje suka feso a jiki, a dakata a tafi asibiti a ranar. Masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko asfirin, ko maganin tarin fuka, duk da cewa suna iya ƙara yurik asid, kada ku daina da kanku, ku zo da kwalayen a duba. Gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi da rawar sanyi kuwa ba a jira da ita, tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.