Bin diddigin masu gonar Margaux

A shekarata ta biyu ta karatu a Bordo da ke Faransa, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi dukiya ɗaya ya bi diddigin hannuwan da ta ratsa. Na ɗauki Château Margaux, gonar inabin da aka sa a sahun farko a jerin darajar giyar Bordo na 1855. Ni ba na shan giya. Abin da ya ja ni shi ne, tun ina yaro a Damagaram maganar gona da gado take ci mini tuwo a ƙwarya.

Da farko sunaye kawai na jera, wane ya saya, wane ya gada. Malam ya dawo mini da takardar, ya rubuta da jan biro: "Me ya sa suka rabu da ita?" Sai da na sake sabon lale.

Lokacin juyin juya halin Faransa an ƙwace gonar, aka fille wa mai ita kai. Amma na fi daɗewa a kan iyalan Ginestet, waɗanda suka mallake ta daga baya. Kasuwar giya ta faɗi a 1973, bashi ya sha musu kai, dole suka sa ta a kasuwa. Wani kamfanin Amurka ya taya, gwamnatin Faransa ta hana. A 1977 André Mentzelopoulos, mutumin Girka mai shagunan Félix Potin, ya saye ta. Ya zuba kuɗi a magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa da sabon dashe, aikin da baƙo ba ya gani. Shekara 3 kacal ya yi ya rasu, 'yarsa Corinne ta karɓa. Daga baya iyalan Agnelli na Italiya suka riƙe kaso mafi tsoka, ita kuwa ta fanso shi a 2003.

Ranar da na je, na tsuguna na ɗebi ƙasar a hannu. Tsakuwa ce zalla, wadda a wajenmu ko gero ba za a yi mata sha'awa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan sauyin hannu, gonar tana nan dunƙule, kadada kusan 260, ba a yayyanka ta ba. Ta kakana kuwa an raba ta gida 9, yau guda 2 ne kaɗai ake nomawa. A daren na kira Kawu, na roƙe shi kada a sayar da namu kason sai na dawo mun zauna.